Barin Babban Birni Zuwa Ƙaramin Gari: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin mutanen da zaman birni ya gajiyar, har suka fara tunanin tattara nasu ya nasu su koma wani ƙaramin gari. Mai karatu zai lura cewa amsoshin suna yawan dawowa kan abubuwa biyu, wato inda kuɗin shigar mutum yake fitowa, da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya isa ga abin da ba zai iya yi ba sai da shi. A ganina, a kan waɗannan biyun ne shawarar take tsayawa ko ta rushe.

Wane irin wuri ake kira ƙaramin gari?

Ƙasashe ba su yi ittifaki a kan ma'auni ɗaya ba. A Denmak, matsugunin da ya tara mutum 200 yana shiga lissafin garuruwa, alhali a Japan sai wuri ya kai mutum 50,000 kafin a saba ba shi matsayin birni. Hukumar ƙidayar jama'a ta Amurka ta daɗe tana amfani da mutum 2,500 a matsayin iyaka, sai a ƙidayar 2020 ta ɗaga adadin zuwa mutum 5,000 ko gidaje 2,000. A shekarar 2020 ɗin ce kuma hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani ma'auni na kwatanta ƙasashe, wanda ya ce birni shi ne wurin da ya tara aƙalla mutum 50,000 a cunkushe, kimanin 1,500 a kowane murabba'in kilomita, gari kuwa shi ne mai aƙalla mutum 5,000 da cunkoson da ya kai 300 a murabba'in kilomita.

Waɗannan alƙaluma suna da amfani ga masu tsara manufofi, amma ga wanda zai kwashe iyalinsa akwai abin da ya fi su muhimmanci. Garin mutum 10,000 da ke nisan minti 30 daga babban birni, a kan hanya mai kyau, kusan unguwa ce ta wannan birnin, domin mazauninsa yana iya yin aiki a can, ya ga likita a can, ya dawo gida ya kwana. Garin mutum 10,000 da ke nisan awa huɗu kuwa dole ya ciyar da kansa, ya yi wa kansa magani, ya koyar da 'ya'yansa da abin da ke hannunsa. Sunansu ɗaya a takarda, zaman cikinsu ya sha bamban. Saboda haka duk inda aka ce ƙaramin gari a amsoshin nan, ya kamata mai karatu ya fara tambayar kansa wanne daga cikin biyun yake nufi.

Ai duniya birni take kwarara. Me ya sa wasu suke juyawa baya?

Gaskiya ne, kwararar tana nan. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1950 kashi 30 cikin ɗari na mutanen duniya ne ke zaune a birane, a 2018 suka kai kashi 55, kuma hasashen da aka yi a lokacin ya ce za su kai kashi 68 a 2050. Masu juyawa 'yan tsiraru ne, kuma dalilansu sanannu ne: kuɗin haya da ke cinye kusan rabin albashi, awoyin da ke salwanta a cunkoson ababen hawa, iyaye da suka tsufa suna bukatar mai kula da su, ritaya, da kuma damar yin aiki daga gida wadda annobar korona ta buɗe wa ma'aikatan ofis da yawa a 2020. Abin lura shi ne yawancin waɗannan dalilai suna bayyana abin da mutum yake gudu ne. Kaɗan ne daga cikinsu suke faɗin abin da zai tarar.

Da gaske ne rayuwa ta fi araha a ƙaramin gari?

Muhalli ya fi araha, wannan kusan ko'ina haka yake, domin tsadar gida a birni tsadar ƙasar da aka gina shi a kai ce, ƙasa kuwa a ƙaramin gari ba ta da masu rububi. Abin da mutum yake biya a ɗaki biyu a saman bene zai iya kama masa gida sukutum mai tsakar gida da wurin shuka. Wannan riba ce ta zahiri, kuma ita ce ta fi jan hankali saboda ana ganinta tun ranar farko.

Asarar ba ta bayyana sai a hankali. Ta farko ita ce sufuri. A birni ana iya rayuwa ba tare da mota ba, amma inda motar haya take wucewa sau biyu ko uku a rana, ko ma ba ta zuwa bayan faɗuwar rana, abin hawa ya zama dole, kuma iyalin da mutum biyu ke aiki a cikinsa sau da yawa sai sun mallaki biyu. Mai da taya da gyara da inshora suna cin wani kaso na abin da aka rage a haya. Ta biyu ita ce rashin gasa. Inda shago ɗaya ne ke sayar da wani abu, ko makanike ɗaya ne ya iya wani gyara, babu inda za a je a taya, kuma kayan da aka ɗauko daga nesa suna isowa da kuɗin ɗaukarsu a kansu. Ta uku ita ce gidan kansa, domin gidaje masu arha a irin waɗannan garuruwa galibi tsofaffi ne, kuma rufin da ke yoyo ko wayoyin wutar da suka tsufa ba sa nuna kansu a hoton da dillali ya turo. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Ta huɗu, wadda ake yawan mantawa, ita ce tafiye-tafiyen komawa birni, don ganin likita, ko sabunta takardu, ko ziyartar dangi, ko sayen abin da babu.

A kan duk wannan sai a ɗora batun albashi, wanda a ƙananan garuruwa yakan yi ƙasa da na birni a aiki iri ɗaya. Wanda zai tafi da albashinsa na birni ko da fanshonsa shi ne mai cin ribar arahar. Wanda zai je ya nemi aiki a can kuwa yana iya tarar da cewa abin da ya rage masa a ƙarshen wata bai fi na da ba. Hanyar gane gaskiya ita ce a zauna a rubuta lissafin wata 12 cikakku, ba na wata ɗaya ba, a sa har da abin da ba ya zuwa sai shekara-shekara.

Idan sai na je zan nemi aiki ko na kafa sana'a, me zan tarar?

Ya danganta da abin da ke hannun mutum. Akwai sana'o'in da ƙananan garuruwa suke ƙishirwarsu a kusan kowace ƙasa, irin su likita da ma'aikatan jinya da malaman lissafi da kimiyya da masu gyaran wuta da famfo da injinan noma. Mai irin wannan sana'a yakan samu karɓuwa da wuri, kuma yakan yi ƙima fiye da yadda zai yi a birni, inda irinsa suke da yawa. Wanda aikinsa ya keɓanta sosai, wanda ba ya samuwa sai a manyan kamfanoni ko jami'o'i ko hedikwatocin hukumomi, zai iya tarar da cewa gurbi ɗaya ne tak a duk garin, kuma akwai mai zaune a kansa shekara 20.

Haɗarin da ya fi girma shi ne na rasa aiki bayan an samu. A birni, wanda aka sallama yana da ƙofofi goma da zai ƙwanƙwasa ba tare da ya canza gida ba. A ƙaramin gari rasa aiki sau da yawa yana nufin sake ƙaura. Lamarin ya fi tsanani a garin da ya rataya a wuyan masana'anta ɗaya ko mahaƙar ma'adini ɗaya, domin ranar da ta rufe, ayyuka da cinikin shaguna da darajar gidaje duk tare suke faɗuwa, sai mutum ya rasa albashi a daidai lokacin da gidansa ba ya sayuwa. Garin Kiruna da ke arewacin Siwidin misali ne na yadda irin wannan dogaro yake kaiwa, inda haƙar tama a ƙarƙashin ƙasa ta sa ƙasar garin tana tsagewa, har aka yanke shawarar matsar da tsakiyar garin kilomita kaɗan zuwa gabas, kuma a watan Agustan 2025 aka ɗauki majami'ar garin ɗungurungum a kan tayoyi aka kai ta sabon wuri. Ba a ce mahaƙar ta matsa ba, garin aka ce ya matsa.

Akwai kuma batun yadda ake samun aikin. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa mutane sun fi samun labarin aiki daga waɗanda suka sani sama-sama, ba daga aminansu na kusa ba, domin aminai labarinsu ɗaya da naka. Birni cike yake da irin wannan sani na sama-sama. A ƙaramin gari ayyuka da yawa ba a tallata su ma, daga baki zuwa baki suke tafiya, kuma baƙo shi ne na ƙarshen ji. Mai kafa kasuwanci shi ma ya ƙirga masu sayensa da idon basira, domin kasuwar da ta ishi shago ɗaya ba lallai ta ishi biyu ba, kuma mai shagon farko ɗan'uwan rabin garin ne.

Aikina ta intanet nake yi. Ba shi ke nan matsalar ta kau ba?

Rabinta ta kau. Abin da ya rage shi ne a tabbatar da intanet ɗin a cikin gidan da za a zauna, ba a tsakiyar gari ba, domin sabis yana iya cika a bakin babbar hanya ya ɓace a bayan tudu. A gwada shi da rana da dare, a duba saurin aikawa kamar yadda ake duba saurin saukewa, tunda taron bidiyo ya dogara da aikawar, sannan a tambayi maƙwabta kwana nawa ake yi kafin a gyara idan layi ya lalace. Wanda abincinsa ke kan intanet yana bukatar hanya ta biyu daga wani kamfani daban, da tanadin wuta na kansa.

Abu na biyu shi ne izinin wurin aiki, wanda ya kamata ya kasance a rubuce. Kamfanoni da yawa da suka bar ma'aikata su yi aiki daga gida a 2020 sun dawo da su ofis daga baya, har kamfanin Amazon ya umarci ma'aikatan ofisoshinsa su riƙa zuwa kwana biyar a mako daga farkon 2025. Wasu kamfanonin kuma suna daidaita albashi da wurin da ma'aikaci yake zaune. Tambayar da ta dace mutum ya yi wa kansa ita ce, idan wannan aikin ya ƙare gobe, shin zai iya samun irinsa daga wannan garin, ko kuwa sai ya sake ɗaure kaya?

Yaya batun asibiti?

Wannan ce tambayar da na fi so mutane su daɗe a kanta, kuma ita ce suka fi saurin wucewa, musamman masu ƙuruciya da ƙoshin lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2010 cewa kusan rabin mutanen duniya suna zaune a karkara, amma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na likitoci ne suke aiki a can, ma'aikatan jinya kuwa kashi 38 cikin ɗari. Ƙananan garuruwa suna tsakanin karkara da birni, don haka abin da aka saba samu a cikinsu shi ne ƙaramin asibiti da ke iya maganin zazzaɓi da ɗinkin rauni da awon ciki da rigakafi. Wannan yana biyan yawancin bukatun yau da kullum, wani lokaci ma cikin sauƙi fiye da birni, domin layi gajere ne kuma ma'aikacin ya san tarihin mara lafiya.

Matsalar tana ga ranar da ba a shirya mata ba. Kwamitin da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa kan tiyata ya sa awa biyu a 2015 a matsayin ma'aunin isa asibitin da zai iya yin manyan ayyukan gaggawa uku, wato ciro jariri ta tiyata, da buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya fito waje. Ga mai shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiya ta haddasa, allurar narkar da gudan jini tana da amfani ne galibi cikin awa huɗu da rabi daga fara alamun, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin a yi ta. Duk mintin da aka ɓata a hanya daga cikin wannan wa'adin ake cire shi.

Na taɓa ganin abin da idona a wani gari da na yi zama. Wajen ƙarfe ɗaya na dare numfashin ɗan maƙwabcina ya sarƙe, muka kai shi asibitin garin, muka tarar da ma'aikaciyar jinya ɗaya da ke bakin aiki. Ta yi abin da za ta iya, ta sa masa iska, sannan ta rubuta takarda ta ce mu wuce babban asibiti. Motar ɗaukar marasa lafiya guda ce, kuma ta riga ta fita da wata mai naƙuda. Awa ɗaya da minti 20 muka yi a hanya cikin duhu, uban yana riƙe da yaron a kujerar baya yana ƙirga numfashinsa da ƙarfi, ni kuma ina tuƙi ina kallon allurar mai, domin babu gidan man da ke buɗe. Yaron ya warke. Amma tun daga ranar ban sake auna nisan gari da kilomita ba, da minti nake aunawa, kuma da dare.

Duk wanda ke da mai juna biyu a gida, ko tsoho, ko mai ciwon zuciya, ko mai wankin ƙoda wanda aka saba yi sau uku a mako, ko mai shan maganin da ba kowane kantin magani ke ajiyewa ba, ya kamata ya fara da wannan tambaya kafin ya leƙa kowane gida.

Ana cewa ƙaramin gari ya fi dacewa da renon yara. Haka ne?

Ga ƙananan yara akwai gaskiya mai yawa a ciki. Suna samun fili, suna iya zuwa makaranta da ƙafa, ajin ba ya cika, malami ya san kowane yaro da sunan iyayensa, kuma idon manya yana kansu ko'ina suka shiga. Iyaye ma, da lokacin da suka ƙwato daga cunkoson hanya, sukan fi zama da su.

Lissafin yana canzawa idan yaro ya kai sakandare. Makarantar na iya zama guda, don haka idan ba ta dace da yaron ba, ko ya faɗa hannun masu cin zali, babu inda za a mayar da shi. Darussan da ke bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko ƙwararren malami su ne suka fi yin ƙaranci, haka nan kulawar yaro mai bukata ta musamman. Matashi mai sha'awar abin da babu mai sha'awarsa a garin yakan ji kaɗaici, kuma mafi yawansu za su tafi da zarar sun gama, don karatu ko aiki. Yana da kyau kuma a tambayi yawan ɗaliban makarantar shekara 10 da suka wuce a kwatanta da na yau, domin makarantar da ɗalibanta ke raguwa tana iya rufewa ko a haɗe ta da wata mai nisa, kamar yadda ya faru da dubban makarantu a Japan tun farkon shekarun 2000.

An ce a can kowa ya san kowa. Wannan alheri ne ko nauyi?

Duka biyun ne, kuma ba a iya ɗaukar ɗaya a bar ɗaya, domin igiya ɗaya ce. Masanin halayyar ɗan Adam Robin Dunbar ya yi ƙiyasin cewa mutum yana iya riƙe dangantaka mai ɗorewa da kimanin mutum 150. Ana muhawara a kan adadin, amma yana taimakawa wajen fahimtar bambancin. A birni, mutum 150 ɗin nan a warwatse suke, abokan aiki ba su san maƙwabta ba, maƙwabta ba su san dangi ba. A ƙaramin gari kuwa mutanenka sun san juna, kuma mutanensu ma naka ne.

Alherin wannan a fili yake. Mutum ya manta jakarsa a shago, kafin ya isa gida an aiko yaro da ita. Ya kwanta rashin lafiya kwana biyu, maƙwabci ya ga ƙofa ba ta buɗe ba ya zo ya ƙwanƙwasa. Mota ta mutu a hanya, wanda ya fara wucewa ya tsaya. Wanda ya yi shekaru a benen da bai san sunan na kusa da ɗakinsa ba, wannan yakan ratsa shi.

Nauyin kuma shi ne hanyar da ta dawo da jakar ita ce take kai labarin cewa an ga motarka a ƙofar asibiti, ko an ji muryoyi sun tashi a gidanka jiya da dare. Sirri yana da wuyar riƙewa, kuskure yana daɗewa a bakin mutane, kuma saɓani ba ya da wurin ɓuya. Wanda kuka yi sa-in-sa da shi kan iyakar fili yana iya zama malamin ɗanka, matarsa kuma ita ce ke ba da kati a asibiti. Mutumin da addininsa ko harshensa ko launin fatarsa ko ra'ayinsa ya bambanta da na mafi yawan mazauna zai ji wannan nauyi fiye da kowa, kuma ya kamata ya nemi wani irinsa da ke zaune a garin ya tambaye shi gaskiyar lamari.

Kada kuma a ɗauka cewa fara'ar da ake yi wa baƙo ita ce karɓa. Gaisuwa tana zuwa ranar farko, amma shiga cikin shawara da amana yakan ɗauki shekaru, domin abotar da ke wurin tun ƙuruciya aka ƙulla ta. Waɗanda suka fi saurin shiga su ne masu halartar abin da ya tara jama'a, masu ba da hannu a aikin gayya, waɗanda kuma suka iya riƙe bakinsu daga cewa a birni ba haka ake yi ba.

Tsaro da lafiyar muhalli fa?

Ƙwacen waya da sanen aljihu da irin laifuffukan da ke bukatar cunkoso da rashin sanin juna sukan yi ƙaranci. Sai dai ofishin 'yan sanda da na kashe gobara suna iya yin nisa, kuma a wasu yankunan duniya ƙananan garuruwa ne suka fi fuskantar 'yan bindiga saboda ƙarancin jami'ai, don haka a nan sai an binciki garin da kansa. Hanya ma haɗari ce: a Amurka, alal misali, yawan mace-macen haɗarin mota a kan kowane nisan da aka yi ya fi yawa a hanyoyin karkara, saboda gudu da duhu da nisan asibiti. Iska takan fi tsabta, dare ya fi shiru da sanyi tunda kwalta da siminti masu riƙe zafin rana ba su da yawa, amma garin da ke kusa da masana'anta ko inda ake ƙona itace da ragowar gona yana da nasa hayaƙin.

Ina jin wasu ƙasashe suna biyan mutane don su koma ƙananan garuruwa. Ya kamata wannan ya ja ni?

Shirye-shiryen suna nan. Garuruwa da dama a Italiya sun sa tsofaffin gidaje a kasuwa a kan Yuro ɗaya, kuma garin Sambuca da ke tsibirin Sisili ya yi suna da wannan a 2019, sai dai gwanjo aka yi, kuma mai saye sai ya ajiye kuɗin jingina ya kuma gyara gidan cikin shekara uku. Japan, wadda ƙidayar gidaje ta 2023 ta nuna tana da gidaje kimanin miliyan tara da babu kowa a ciki, ta ɗaga tallafin da take ba iyalan da suka bar yankin Tokyo zuwa Yen miliyan ɗaya kan kowane yaro daga watan Afrilun 2023, bisa sharaɗin a zauna shekara biyar ko a mayar da kuɗin.

Ruwa ba ya tsami banza. Garin da yake biyan mutane su zo, mutanensa ne suka tafi, kuma dalilin tafiyarsu yana nan yana jiran mai zuwa. Tallafin yana da amfani ga wanda dama ya yanke shawara, amma bai isa ya zama dalilin yanke ta ba.

In sayi gida ne ko in kama haya?

Haya, aƙalla na shekara guda, ko da kuɗin saye suna hannu. Sayen gida a ƙaramin gari yana da sauƙi, sayar da shi ne wahala, domin masu saye kaɗan ne, kuma a garin da jama'arsa ke raguwa gida yana iya yin shekaru da allon neman mai saye a jikinsa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fitar da shi.

Shekara guda tana ba mutum damar ganin garin a kowane yanayi. Yawancin masu ƙaura sun fara ganin wurin ne a lokacin hutu, da rana, a lokacin da ya fi kyau, alhali abin da ya kamata a gani shi ne lokacin da ya fi muni, ko na ruwan da ke yanke hanya ne, ko na sanyin da ke rufe ta, ko na zafin da rijiyoyi ke ƙafewa. Ko kafin hayar ma, a je a yi mako biyu ana rayuwa irin ta mazauni. A tashi ranar Talata a yi tafiyar da za a riƙa yi zuwa aiki, a tuƙa zuwa babban asibiti da dare a duba agogo, a nemi wani kayan gyara na mota a ga ko sai an aika birni, a zagaya da ƙarfe tara na dare a ga abin da ke buɗe. A ƙirga shagunan da ke rufe a babban titi, a dubi shekarun mutanen da ke wucewa. A yi hira da wanda ya zo shekara uku da suka wuce ya zauna, sannan in da hali a nemi wanda ya zo ya koma, domin shi ne zai faɗi abin da dillali ba zai faɗa ba. Idan lokacin saye ya yi, a sa lauya ya binciki takardun fili, tunda a tsofaffin garuruwa gida ɗaya yana iya zama na magada da yawa da ba su raba gado ba.

Ni ina so, amma iyalina ba sa so. Yaya za a yi?

Sau da yawa mai son tafiyar shi ne mai aikin da zai bi shi, ko mai dangi a can, don haka shi zai ci ribar, wani kuma ya biya kuɗin. Abokin zaman da ya bar aikinsa da ƙawayensa ko abokansa, ya wayi gari a gidan da babu inda zai je sai an kai shi, shi ne wanda shirun garin zai fi danna. Ya kamata kowa ya faɗi abin da zai rasa dalla-dalla, har da manyan yara, sannan a sa wa'adin gwaji da ranar da za a zauna a sake duba lamarin, a kuma amince tun farko cewa idan ɗaya ya ce bai iya ba, maganarsa za ta yi nauyi.

Idan na gwada abin bai yi ba, komawa tana da sauƙi?

Ta fi tafiya wuya, kuma wahalar tana ƙaruwa da kowace shekara. Kuɗin haya a birni ba ya jiran kowa, don haka wanda ya saki gidansa zai dawo ya tarar da wani farashin. Wanda ya sayar da gidan birni ya sayi na ƙaramin gari yana iya ganin na farkon ya yi tsadar da ba zai sake iya saye ba, na biyun kuwa yana nan inda yake. Mutanen da ya sani a fagen aikinsa ma sukan watse ko su manta da shi. Saboda haka masu dabara sukan bar ƙofa a buɗe a shekarun farko. Mai gida a birni ya ba da shi haya maimakon ya sayar, ma'aikaci ya nemi hutun dogon lokaci ko canjin wurin aiki maimakon ajiye aiki, mai lasisin sana'a ya ci gaba da sabunta shi, kuma a ware kuɗin da za su ishi ɗaukar kaya da hayar wata shida a birni a wani asusu daban da ba a taɓawa.